Katin Bashi da Tikitin Jirgi a Amurka: Yadda Ake Buɗewa da Rufewa Ba Tare da An Karya Makin Kiredit Ba

A Amurka bankuna ne ke zawarcin mutum ya karɓi katin bashinsu, har da garaɓasa a kai. Tayin da aka fi gani shi ne ka buɗe kati, ka yi sayayyar dala 4,000 ko 5,000 da shi cikin wata uku, a ba ka mil 60,000 ko fiye da haka, wato ladan sayayya da ake tara maka, waɗanda za ka iya mayarwa tikitin jirgi. Ga wanda ke zaune a Bronx ko Houston ko Columbus, yana zuwa ganin gida Kano ko Kumasi ko Yamai, ko yana da niyyar Umara, wannan abin dubawa ne, domin tikiti ne ke cinye mafi yawan kuɗin tafiya.

Abin da ke riƙe mutanenmu da yawa shi ne tsoro. An ce buɗe kati yana rage makin kiredit, wato lambar da masu ba da bashi ke dubawa su auna amanar mutum wajen biya, rufe shi kuma ya fi ɓarna. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Raguwar da buɗewa ko rufewa ke jawowa kaɗan ce, kuma tana warkewa cikin watanni. Abin da ke kassara mutum shi ne makara wajen biya, da barin bashi ya kwana a kati har kuɗin ruwa ya hau kansa.

Mataki na farko: tsakaninka da kanka

Kuɗin ruwan katin bashi a Amurka ya haura kashi 20 cikin 100 a shekara. Yi lissafi: ka kashe dala 4,000 don samun garaɓasa, ka kasa biya, ruwan kashi 22 zai riƙa ci maka kusan dala 73 duk wata. Mil 60,000 kuwa, idan aka ƙiyasta kowane ɗaya a kan santi ɗaya, dala 600 ne. Kafin wata tara banki ya karɓe abinsa. Saboda haka wannan harka ta wanda ke biyan duk abin da ke kan kati ne, kaf, kowane wata. Wanda yake biyan mafi ƙarancin abin da banki ya yanka masa, ya bar zancen mil tukuna, ya fara sauke bashin.

Akwai kuma batun addini, wanda bai kamata a yi masa kwana ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyadh a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a yi amfani da katin da aka gindaya sharaɗin kuɗin ruwa a yarjejeniyarsa ba, ko da mai katin ya ƙuduri niyyar biya kafin ruwan ya hau. Wasu malaman da ke zaune a ƙasashen Turai da Amurka sun sassauta saboda buƙata, da sharaɗin mutum ya tabbata zai biya a kan lokaci. Sai dai a lura, buƙatar samun hayar gida daban, neman tikitin kyauta daban. Ka tambayi malamin da ka amince da shi kafin ka shiga.

Mataki na biyu: san abin da aka rubuta a kanka

Kamfanoni uku ne ke ajiye tarihin bashin mutane: Equifax da Experian da TransUnion. Ana iya sauke rahoton kowannensu kyauta a AnnualCreditReport.com, kuma tun 2023 aka tabbatar da damar yin haka duk mako. Sauke duka ukun, don ba kullum suke zama iri ɗaya ba. Duba ko akwai asusun da ba naka ba. Wannan yana faruwa da masu sunaye irin namu, inda Muhammad Abdullahi zai yi goma a unguwa ɗaya. In ka ga kuskure, ka shigar da ƙorafi a shafin kamfanin, doka ta ba su kimanin kwana 30 su bincika. Sannan ka ƙirga katunan da ka buɗe cikin wata 24 da suka wuce, ka rubuta watan da aka buɗe kowanne. Za ka buƙaci wannan lissafi nan gaba.

Sabon zuwa ya sani cewa tarihin bankinsa na Najeriya ko Nijar ko Gana ba ya biyo shi. Daga sifili ake farawa. FICO, wanda shi ne makin da mafi yawan masu ba da bashi ke dubawa, ba ya fitar wa mutum maki sai yana da asusun da ya kai wata shida. Hanyar da aka saba ita ce katin ajiya, wanda za ka ba banki dala 200 ko 300 jingina su zama iyakar katin. Ka yi shekara guda kana biya a kan kari kafin ka nemi manyan katunan tafiya. Yawanci sai maki ya kai wajen 700 suke samuwa cikin sauƙi.

Yadda makin yake haɗuwa

Makin FICO daga 300 yake zuwa 850, kuma kamfanin ya bayyana yadda yake auna shi. Kashi 35 tarihin biya ne. Kashi 30 yawan bashin da ke kanka. Kashi 15 daɗewar asusunka. Kashi 10 sabbin asusu da neman bashi, sauran kashi 10 kuma ire-iren bashin da kake da su. Wato kusan kashi biyu bisa uku na makin ba ruwansu da ko ka buɗe kati ko ka rufe. Biya ne da yawan abin da ake bin ka.

Idan ka nemi sabon kati, abu uku ke faruwa. Banki zai ja rahotonka, a rubuta cewa ka nemi bashi. FICO ya ce ga mafi yawan mutane abin da wannan ke ragewa bai kai maki 5 ba. Yana zama a rahoto shekara biyu, amma shekara ɗaya kawai ake lissafa shi. Na biyu, matsakaicin shekarun asusunka zai sauka. Mai kati biyu, ɗaya shekara 8 ɗaya shekara 4, matsakaicinsa 6 ne. Ya ƙara sabo, ya dawo 4. Shi ya sa mai dogon tarihi ba ya jin komai, mai kati ɗaya na shekara guda kuwa yana ji a jikinsa.

Na uku shi ne wanda masu tsoratarwa ba sa faɗa: sabon kati yana ƙara maka jimillar iyakar bashi, hakan kuma yana ɗaga maki. A ce iyakarka duka dala 10,000 ce, kana kashe 2,000 a wata, ka ci kashi 20 ke nan. Aka ba ka sabon kati mai iyakar 10,000, kashewarka ba ta canza ba, ka koma kashi 10. Sau da yawa bayan wata uku zuwa shida za ka tarar makinka ya dawo inda yake, ko ma ya wuce.

Wani abu da ke rikita mutane: banki yana aika adadin bashinka ne a ranar da aka rufe lissafin wata, ba ranar biya ba. Kana iya biya kaf duk wata amma rahoto ya nuna kati cike. Maganinsa shi ne ka biya mafi yawan kuɗin kwana biyu ko uku kafin ranar rufe lissafi. Ƙasa da kashi 30 ana yabawa, ƙasa da 10 ya fi. Kuma a tsarin FICO 8 da aka fi amfani da shi, wannan ɓangaren ba ya riƙo. In ka cika kati a watan nan maki ya faɗi, ka biya, wata mai zuwa ya tashi.

Mataki na uku: zaɓi tafiyar kafin katin

Mutane sukan ga talla su buɗe kati, daga baya su gano mil ɗin ba ya kai su inda suke so. A fara daga tambayar ina za ni, da wane jirgi.

Mil iri biyu ne. Akwai na kamfanin jirgi kai tsaye, kamar katin Delta ko na United, wanda mil ɗinsa ke faɗawa asusunka na kamfanin. Akwai kuma na banki, kamar Ultimate Rewards na Chase, da Membership Rewards na American Express, da ThankYou na Citi, da na Capital One, waɗanda za ka tura wa kamfanin jirgin da ka ga dama cikin abokan hulɗarsu. A ganina na banki ya fi dacewa da mai zuwa Afirka ta Yamma, domin kujerun mil a hanyarmu ba su da yawa, gara kana da ƙofofi da dama.

Delta yana tashi daga Atlanta zuwa Legas, da New York zuwa Akara, kuma American Express na tura masa mil. United yana tashi daga Washington zuwa Legas da Akara, Chase na tura masa. Mai son sauka Kano ba tare da wahalar Legas ba, ya tuna United yana ƙawancen Star Alliance tare da Ethiopian da EgyptAir, don haka da mil ɗin United ana iya yankar kujera a jiragensu idan sun saki. Mai zuwa Yamai ya dubi Turkish Airlines, wanda Citi da Capital One ke tura wa. Duka bankunan huɗu suna tura wa Flying Blue, tsarin mil na Air France da KLM, shi kuma yana ƙawancen SkyTeam tare da Saudia mai zuwa Jidda daga New York da Washington. Ga mai Umara ke nan.

Tikitin mil ba kyauta ba ne gaba ɗaya. Harajin filin jirgi kai za ka biya, wasu kamfanoni kuma, musamman British Airways, suna ɗora kuɗin mai masu nauyi. Kujerun Disamba da na goman ƙarshe na azumi suna ƙarewa da wuri, jiragen kuma sukan buɗe jadawalinsu kusan wata 11 kafin tafiya. Sannan duk mil ɗin da ka tura daga banki zuwa kamfanin jirgi ba ya dawowa. Kada ka tura sai ka ga kujerar da idonka.

Mataki na huɗu: wane banki za a fara da shi

Chase yana da wata ƙa'ida da bai rubuta a fili ba amma duk masu harkar sun san ta, ana kiranta 5/24. Idan ka buɗe katuna biyar ko fiye cikin wata 24, daga kowane banki, kusan tabbas zai ƙi ka, komai kyan makinka. Katin shago da aka lallaɓe ka ka buɗe don ragin kashi 10 na iya shiga lissafin. Haka katin ɗan'uwa da ya sa sunanka a matsayin mai izinin amfani. Shi ya sa masu dabara ke fara wa da Chase.

American Express kuma garaɓasar kowane kati sau ɗaya yake bayarwa ga mutum a mafi yawan tayinsa, don haka kada ka karɓi ƙaramin tayi, jira babba. Yakan nuna gargaɗi kafin a kammala nema idan ba ka cancanci garaɓasar ba. Capital One an san shi da jan rahoto daga kamfanoni ukun a lokaci guda. Ƙa'idojin nan suna sauyawa, sai ka karanta sharuɗɗan tayin a ranar da za ka nema, musamman sakin layin da ke maganar wanda ya taɓa riƙe katin.

Yawancin bankuna suna da shafin gwaji da zai gaya maka ko za a iya ba ka, ba tare da an taɓa makinka ba. Fara da shi. In ka kulle rahotonka saboda tsoron 'yan damfara, buɗe shi kafin ka nema. In aka ƙi ka, doka ta tilasta wa banki ya aiko da dalili a rubuce, kuma kana iya kiran su ka nemi a sake dubawa. Wani lokaci adireshi ne kawai bai dace ba. Tsakanin kati da kati ka bar aƙalla wata uku. Ni da za a bi shawarata, kati biyu a shekara sun ishi mai iyali.

Mataki na biyar: cika sharaɗin sayayya

Ranar da aka amince da kai agogo yake fara bugawa, ba ranar da katin ya iso akwatin wasiƙa ba. Kuɗin shekara na katin ba ya shiga lissafin, haka kayan da ka mayar shago. Ka zarce adadin da ɗan abin da ya samu.

Da kashewar da dama za ka yi ake cika shi: cefane, man mota, inshorar mota ta wata shida, kuɗin waya, kayan Sallah, tsarabar gida. Ka daidaita buɗe katin da lokacin da babban kashe kuɗi ke tafe. In sai ka ƙirƙiro sayayya kafin ka kai dala 4,000, katin ya fi ƙarfinka.

Ga wani rami da namu suka fi faɗawa. Tura kuɗi gida da katin bashi, ta manhajar aika kuɗi ko ta shago, sau da yawa banki yana ɗaukarsa a matsayin cirar tsabar kuɗi. Akwai cajin kashi 3 zuwa 5 nan take, ruwa yana fara hawa daga ranar ba tare da wa'adi ba, kuma ba a lissafa shi cikin sharaɗin garaɓasa. Kuɗin gida daga asusun banki ake tura su. Haka zuba adashi ko cirar kuɗi a na'ura.

A ranar da katin ya iso ka saita biya kai tsaye daga asusunka, na cikakken adadin lissafin wata. Makarar kwana ɗaya tana jawo tara, amma sai ta kai kwana 30 ake kai ta rahoto. In ta shiga, shekara 7 take yi, kuma ɓarnarta ta fi ta neman katuna goma. Wanda zai yi wata biyu a gida, inda lambar wayarsa ta Amurka ba ta karɓar saƙon tantancewa, shi ya fi kowa buƙatar wannan saiti.

Mataki na shida: idan shekara ta zagayo

Kada ka rufe kati kafin ya cika wata 12. American Express ya rubuta a sharuɗɗansa cewa yana iya ƙwace garaɓasar, sauran bankuna ma suna lura da mai ci ya gudu. Jira kuɗin shekara ta biyu ya bayyana a lissafi. Bankuna da dama suna mayar da shi idan ka rufe ko ka sauya katin cikin kimanin kwana 30, amma ka tambaya ka tabbatar.

Kuɗin nan ba wasa ba ne yanzu. Chase Sapphire Preferred dala 95 ne. A 2025 Sapphire Reserve ya tashi daga 550 zuwa 795, Platinum na American Express kuma daga 695 zuwa 895. Suna zuwa da rangwame iri-iri, na otal da gidan abinci da ɗakin hutawa a filin jirgi, amma ka lissafa waɗanda da ma za ka saya da kuɗinka kawai. In kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu, ɗauki waya.

Ka gaya wa ma'aikacin cewa kana tunanin rufe katin saboda kuɗin shekara, ka tambaya ko akwai wani tayi a asusunka. Wani lokaci a ba ka ƙarin mil ko a yafe wani ɓangare na kuɗin. In babu, ka nemi a sauya maka katin zuwa ƙaninsa marar kuɗin shekara, misali daga Sapphire zuwa Freedom. Wannan ce hanyar da na fi so. Asusun yana nan da shekarunsa da iyakarsa, ba a sake jan rahotonka ba, kai kuma ka huta da biya. Illarta ɗaya: da Freedom kaɗai ba za ka iya tura mil ga kamfanonin jirgi ba, sai kana da wani babban katin Chase. Kuma sauya zuwa wani kati na iya hana ka garaɓasarsa nan gaba, musamman a American Express.

Mataki na bakwai: rufewa

Abin da aka fi yaɗawa shi ne rufe kati yana goge tarihinsa. Ba haka ba ne. Asusun da aka rufe ba tare da tabo ba yana zama a rahoto har shekara 10, FICO kuma yana ci gaba da lissafa shekarunsa duk tsawon lokacin. Abin da ke ɓacewa nan take ita ce iyakar katin. Mai katuna uku, na dala 5,000 da 10,000 da 15,000, ana bin sa 3,000, kashi 10 ya ci. Ya rufe na 15,000, ya koma kashi 20 ba tare da ya ƙara kashe ko sisi ba. In yana da wani kati a bankin, ya nemi a kwashe iyakar a mayar can kafin a rufe. Chase yana yin haka.

Sai mil. Na kamfanin jirgi suna asusunka na kamfanin, rufe kati ba ya taɓa su. Na Delta da United ba sa mutuwa, na American Airlines da Flying Blue kuwa suna iya mutuwa bayan wata 24 ba motsi. Na banki ne abin tsoro: in ka rufe katinka na ƙarshe mai wannan nau'in mil, suna iya tafiya tare da shi. Jihar New York tana da doka tun Disamban 2023 da ta ba da kwana 90 a yi amfani da su, amma ba kowace jiha ke da irinta ba. Ka tura su wani katinka na bankin, ko kamfanin jirgi, ko ka mayar da su kuɗi, sannan ka rufe.

Biya bashin ya koma sifili, kwashe duk biyan wata-wata da ka ɗora a katin, jira kuɗin kayan da ka mayar su shigo. Nemi shaidar rufewa a rubuce. Bayan wata biyu ka duba rahoto ka ga an rubuta cewa kai ka rufe, ba a bin ka komai.

Katinka mafi daɗewa, in ba shi da kuɗin shekara, bar shi a buɗe. Ka riƙa sayen ɗan abu da shi bayan 'yan watanni, don banki yana rufe katin da aka yi watsi da shi ba tare da ya tambaye ka ba.

Lokacin da ake dakatawa

In kana shirin sayen gida, ka daina neman kati aƙalla wata 6, shekara guda ta fi. Masu ba da bashin gida suna jan maki daga kamfanoni ukun su ɗauki na tsakiya, kuma suna aiki da matakai, ta yadda maki biyar na iya sauko da kai daga wani mataki zuwa na ƙasa, ka yi shekara 30 kana biyan bambancin. Za su kuma nemi bayanin kowane sabon asusu, su sake jan rahoto dab da sa hannu. Kamfanonin sayen gida bisa tsarin Musulunci su ma suna duba makin kiredit. A wannan tsakanin kada ka buɗe, kada ka rufe. In kuɗin shekara ya zo, sauya katin ko ka biya, ka bari sai makullin gida ya shigo hannunka. Ga bashin mota ko neman hayar sabon gida, wata uku na dakatawa sun wadatar.